Tenkara ko sanda mai keke: wacce ta fi dacewa da tirawut ɗin ƙananan ƙoramu?

Tafiyar awa biyu a mota daga birnin Washington ta isa ta kai mutum gandun dajin Shenandoah da ke jihar Virginia, inda ƙoramu masu sanyi ke gangarowa daga tsaunukan Blue Ridge. A cikinsu akwai wani ɗan kifi da Amurkawa ke kira brook trout, wato tirawut ɗin ƙorama. Dokar gandun ta hana kama shi da tana ko wani koto mai rai, sai da koton bogi mai ƙugiya ɗaya. Shi ya sa akasarin masu zuwa ke amfani da ƙwaron gashi, ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da ya faɗa ruwa. Ƙwaron nan ba shi da nauyin da za a wurga shi shi kaɗai, sai an sami sanda da igiyar da za su kai shi. A nan sabon shiga ke tsayawa cak a shagon kayan kamun kifi. Ga sandar Turawa mai keken naɗe igiya, ga kuma tenkara ta mutanen Japan, doguwa marar keke, kuma kowacce tana da masoyan da ba sa son a kushe ta.

Halin kifin ne ya kamata ya fara yanke hukunci. Ɗan asalin gabashin nahiyar Amurka ta Arewa ne, daga Kanada har tsaunukan arewacin jihar Georgia. Bayansa kore ne mai duhu da lanƙwasassun zane, gefensa ɗigo-ɗigo ja, kowane ɗigo da shuɗin zobe, fukafukan cikinsa kuma ja ne da baƙin layi da farin gefe. A manyan ruwaye yana girma sosai: wanda ya fi kowanne da aka taɓa aunawa ya fito ne daga kogin Nipigon na lardin Ontario fiye da shekara 100 da suka wuce, nauyinsa kilo shida da rabi. Amma na ƙoramar dutse ba ya kai ko kusa. Santimita 15 zuwa 20 shi ne abin da aka saba gani, wanda ya kama mai santimita 25 kuwa ya sami labarin da zai kwana yana bayarwa. Kenan ba za ka haɗu da kifin da zai fizge igiya ya ruga da ita ba, ballantana ka buƙaci keke ya taya ka kokawa.

Ba shi da tsirfa wajen ci. Abinci ya yi ƙaranci a irin waɗannan ƙoramu, duk abin da ya faɗo yana kama da ƙwaro sai ya kai masa cafka. Tsoro ne matsalarsa. Inuwar mutum ta gifta, ko igiya ta faɗi ruwa da ƙarfi, ko ƙwaron ya yi wata tafiya da ba ta ruwa ba, sai ya shige ƙarƙashin dutse, ya kuma ja sauran na gurbin su ɓuya tare. Abu biyu ake nema wurin sanda: ta sa ƙwaro daidai inda ake so daga nisan mita uku zuwa shida, sannan ta bar shi ya bi ruwa kamar ba a ɗaure yake ba. Jifa mai nisa, wadda ita ake tallata sanduna da ita, kusan ba ta da amfani a nan.

Wurin da kifin ya rage shi ma yana da ta cewa. Saran dazuzzuka a farkon ƙarni na 20 ya ɗumama ƙoramu ya cika su da laka. An kawo ƙwan tirawut mai ruwan ƙasa daga Jamus a 1883, an kuma kwaso wani nau'in mai jan layi a gefe daga yammacin ƙasar, duka biyun suka fi ɗan gida jure ɗumi, suka kore shi daga ƙasan ƙoramu. A gandun Great Smoky Mountains, tsakanin Tennessee da North Carolina, ya rasa kusan kashi 75 cikin 100 na ruwan da yake zaune a da, har aka hana kama shi daga 1976 sai 2006 aka sake buɗewa. Yau mai nemansa sai ya hau sama da ƙafa, inda ƙorama ta tsuke, reshe ya sauko.

Sanda mai keke da ake saya don wannan aiki gajera ce, mita biyu zuwa biyu da 'yan kai, mai lamba 2 ko 3. Lambar tana nufin nauyin igiyar da sandar ke iya wurgawa. A lamba 3, mita tara na farko na igiyar ba su wuce giram shida da rabi ba. Igiyar ce ke da nauyi, ita ke jan ƙwaro zuwa inda aka nufa. A bakinta ana ɗaura zaren nailan mai tsawon mita biyu da ɗan ɗori, mai kauri a gindi, yana sirancewa har ya kai siririn da ake kira 5X. Keken kuwa ma'ajiyar igiya ce kawai, kada kowa ya sa ka kashe kuɗi a kansa.

Tenkara ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan. Gaɓoɓi ne da ke shigewa cikin juna, a buɗe ta kai mita uku da rabi ko huɗu, a rufe ta dawo kamar rabin mita, nauyinta sau da yawa bai kai giram 100 ba. A tsininta akwai ɗan guntun zare, a jikinsa ake ɗaura siririyar igiya mai kusan tsawon sandar, a ƙara kamar mita ɗaya na nailan, a ɗaura ƙwaro. Shi ke nan. Duk wanda ya yi fatsa yana yaro da sanda da zare da ƙugiya ya riga ya san rabin aikin. Masuntan tsaunukan Japan ne suka raine ta, mutanen da ke kama kifin yamame da iwana su kai kasuwa, ba don nishaɗi ba. Iwana ɗin nan kuwa ɗan'uwan tirawut ɗin ƙorama ne na jini, dangi ɗaya suke da ake kira Salvelinus, kuma irin ruwan da suke zama ɗaya ne. Ba a san ta sosai a Amurka ba sai a 2009, lokacin da Daniel Galhardo ya kafa kamfanin Tenkara USA.

Inda tenkara ta yi fice, ta yi fice ne ba da wasa ba, kuma sai an tsaya a bakin ruwa ake gane dalili. Ka ɗauka kana durƙushe bayan wani dutse. Gabanka ruwa na gudu da ƙarfi, faɗinsa kamar mita biyu. Can ƙetare, a bayan wani dutsen, akwai ɗan wuri mai kwanciyar ruwa da bai fi faɗin tafin hannu uku ba, kumfa na juyawa a kai a hankali. Kifin yana nan. Idan ka jefa da sanda mai keke, ƙwaron zai sauka daidai, amma igiyar mai kauri za ta kwanta a kan ruwan nan mai gudu. Kafin ka ƙifta ido ruwan ya ja cikinta, ita kuma ta fizgo ƙwaron ya taho yana tsaga ruwa. Kifin ya gani, ya san ba ƙwaron Allah ba ne. Ƙwararru suna da dabarun magance haka: su ɗaga hannu sama iya miƙewarsa, su juya igiyar ta koma sama da gudun ruwan, su jefa ta da sassauci don ta ɗan jinkirta. Duk suna aiki, amma daƙiƙa biyu ko uku suke saya maka, kuma sai an daɗe ana yi hannu ke faɗawa.

Mai tenkara ba ya wannan wahala. Sandar ta riga ta ƙetare ruwan mai gudu da tsawonta, igiyar kuma ba ta da nauyin da zai sa ta lotsa, don haka tana rataye a iska daga tsinin sanda har zuwa ƙwaro. Ƙwaron ne kaɗai ya taɓa ruwa. Zai zauna cikin kumfar nan yana juyawa tare da ita har sai kifin ya gama shawara. Da ya taso, babu wata igiya a kwance da za a fara ɗagawa, ɗan motsin wuyan hannu ya isa ƙugiya ta kama. A ƙoramar da ke gangarowa daki-daki tsakanin manyan duwatsu, gurbi bayan gurbi, wannan fifiko yana maimaituwa a kowane taku. A ganina, a irin wannan ruwa sabon shiga mai tenkara yana iya kama abin da mai keke sai ya shekara yana koyo zai kama.

Sai dai duk wannan ya dogara ne da abu ɗaya: a sami sarari a sama. Sandar mita uku da rabi, da hannun mai riƙe da ita, da igiyar da ke biye, suna buƙatar fili mai yawa a bisa kai. A kudancin tsaunukan Appalachia na gabashin Amurka akwai wani tsiro mai suna rododendiron, mai kaurin ganye da murɗaɗɗun rassa, da ke fitowa a gaɓa biyu na ƙorama ya haɗe a tsakiya, har mutum ya riƙa tafiya a sunkuye cikin ruwa. A irin wannan rumfa tenkara azaba ce. Jifar ma da sauƙi, ana iya yinta a kaikaice. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan kifi ya ci. Ka ɗaga sanda don ƙugiya ta kama, tsini ya shige reshe. In ka yi sa'a ta kama, dole ka karkata sandar baya kafin kifin ya iso hannunka, ga shi babu wurin karkatawa. Sai ka ga mutum yana rufe gaɓoɓin sanda ɗaya bayan ɗaya yana lalubar igiya da hannu, kifin kuwa ya sami sassauci ya tofar da ƙugiya.

Gajeriyar sanda mai keke tana da abin da tenkara ba za ta taɓa samu ba: tsawon igiya yana hannunka. Wuri ya tsuke, ka janyo igiya ka bar nailan kawai a waje. Wuri ya buɗe, ka saki. Kifi ya ci a ƙarƙashin reshe, ba sai ka ɗaga sanda ba, ka ja igiyar da hannun hagu ƙugiya ta kama, ka ci gaba da janyowa har ya zo ƙafarka. Akwai jifar mirgine, inda igiya ke birgima a kan ruwa ba tare da ta koma bayanka ba. Akwai kuma jifar baka, wadda Joe Humphreys, tsohon malamin kamun kifi a jami'ar Penn State, ya shahara da ita: ka riƙe ƙwaro da yatsu biyu ta bayan lanƙwasar ƙugiya, ka ja har sandar ta tanƙware, ka auna ƙasan reshe, ka saki. Ana yin haka da tenkara ma, amma doguwar sanda a tanƙware ita ma wuri take nema.

Masu ƙera tenkara sun san da wannan rauni. Sun fito da sanduna masu tsayawa a tsayi biyu ko uku, irin su Rhodo ta Tenkara USA, wadda sunanta ma daga tsiron nan aka samo shi, tana aiki daga kimanin mita 2.7 zuwa 3.2. Dabara ce mai kyau, kuma ga wanda ruwansa gauraye ne ita zan fara nuna masa. Amma a sani cewa duk santimitar da aka rage wa tenkara, an rage mata abin da ya sa ta fi. In aka gajarta ta har ta kusa sanda mai keke, an tashi da sanda marar tsawo kuma marar keke.

Wanda ya karkata ga mai keke yana da wani ƙaramin zaɓi a ciki, wato abin da aka ƙera sandar da shi: garafait ko faiba. Sandar garafait ta fi sauƙin nauyi, ta kuma fi tauri, an yi ta ne don ta lanƙwasa idan akwai igiya mai yawa a iska. A ƙorama kuwa sau da yawa mita ɗaya ko biyu na igiya ne kawai a waje, nauyin bai isa ya tanƙwara ta ba, sai jifar ta zama kamar ana yi da ƙarfin tsiya. Faiba tana da laushi, tana lanƙwasa da ɗan abin da ke waje, ta fi jure karo da dutse, kuma ɗan kifi mai santimita 18 yana tanƙwara ta har a ji daɗin kamun. In garafait ɗin ce a hannu, a ɗora mata igiyar da ta fi lambarta da ɗaya, za ta gyaru.

Akwai wurare biyu kuma da keke ke gaba ko da sama a buɗe take. Na farko dogon gurbi mai kwantaccen ruwa, musamman a ƙarshen bazarar Amurka da ruwa ke ja baya ya yi garau. A nan kifi na hango mutum tun daga nesa, sai an tsaya mita goma ko fiye a jefa. Mai tenkara iyakarsa tsawon sanda da igiya, in ya ƙara igiya ta yi tsawo sosai ta koma kwanciya a ruwa, ya rasa fifikonsa. Na biyu iska. Igiyar da rashin nauyinta ya sa ta rataye, rashin nauyin nan ne ke sa iska ta kwashe ta, ta ɗauke ƙwaron daga ruwa. Cikin kwazazzabo mai itatuwa iska ba ta cika damuwa ba, amma a ƙoramun fili na arewa, irin waɗanda ke ratsa fadamu a Maine ko tsaunukan Adirondack na New York, abin lura ce.

Wajen tafiya kuwa tenkara ce sarauniya. Ana yin wannan kamu ne ana hawa sama, a jefa sau uku ko huɗu a gurbi, a wuce na gaba, wani lokaci a bar ruwan a kutsa cikin kurmi don kewaye gangaren da ba ya hawuwa. Mai tenkara zai rufe sandarsa cikin 'yan daƙiƙu, ya naɗe igiya a ɗan faifanta, ya soke a jaka, hannunsa biyu su zama nasa. Mai keke zai ratsa da sanda a haɗe, yana juya ta gindi gaba, igiya na kama kowane reshe. Amma tenkara tana da nata sharaɗin: tsininta siriri ne ƙwarai, kuma ya fi karyewa a hannun mai ita fiye da a bakin kifi. A ɗaura igiya tun tsinin yana cikin mariƙi, a buɗe daga tsini zuwa gindi, a rufe daga gindi zuwa tsini. In ƙwaro ya maƙale a bishiya, wanda dole zai maƙale, kada a fizga da sanda. A rufe ta, a kama igiyar da hannu a ja, nailan ya tsinke. Don haka ne ma ake hana sa nailan da ya fi 5X ƙarfi. Sauƙin abin shi ne gaɓar da ta karye ana sayenta ita kaɗai a sauya.

Kuɗi da koyo ba su buƙatar dogon bayani. Tenkara ta fi araha, domin babu keke, babu igiyar nan mai tsada, kuma cikin yini guda mutum ya iya jifarta. Mai keke sai ya koyi haɗa aikin hannu biyu, ya koyi ƙulli iri-iri, ya sha warware igiya daga ƙafarsa.

Ƙwari kuma duka sandunan biyu suna jefa iri ɗaya. Adams, wanda Leonard Halladay ya fara ɗaurawa a Michigan a 1922, da Elk Hair Caddis na Al Troth daga 1957, a ƙugiya mai lamba 12 zuwa 16, sun isa shekara guda. A Shenandoah ana son Mr. Rapidan, ɗaurin Harry Murray na garin Edinburg da ke Virginia, saboda rawayan fiffikensa ana hango shi cikin inuwa da kumfa. Mutanen Japan suna da nasu, sakasa kebari, mai gashi yana fuskantar gaba, wanda ake ɗan motsawa a ƙarƙashin ruwa yana buɗewa yana rufewa. Ba dole ne mai tenkara ya yi amfani da shi ba. Abin da tenkara ba ta so shi ne ƙwaro mai nauyi ko babba mai kama iska.

Hujjar da aka fi kawowa a shago ita ce sanda mai keke za ta yi maka aiki a wasu ruwayen, tenkara kuwa ta ƙorama ce kawai. Da gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake faɗa ba. Gajeriyar sanda mai lamba 3 ita ma ta ƙorama ce. Ranar da ka nufi babban kogi kamar kogin Shenandoah kansa, sai ka nemi wata mai lamba 5 ko 6, mai kusan mita uku. Abin da zai bi ka can shi ne iya jifa, ba sandar ba. In burinka ka zama mai kamun kifi da ƙwaron gashi a ko'ina, fara da keke, wahalar farko jari ce. In burinka kawai ka hau dutse ranar Asabar ka ga kifin nan a tafinka, ba ka buƙatar wannan jarin.

Kowacce ka saya, sai da lasisin jihar da za ka shiga, kuma a karanta dokar ruwan da kyau. Inda aka ce kamu da ƙwaron gashi kawai, kowace jiha da yadda ta fassara shi, don haka mai tenkara ya tabbatar sanda marar keke ta shiga ciki. Jihar Maryland ta haramta takalmin shiga ruwa mai tafin ulu tun 2011, saboda yana kwasar wata gansakuka daga ruwa zuwa ruwa. A canjin da ya rage a sayi ɗan ma'aunin zafi. Ruwa in ya kai digiri 20, kifin nan yana cikin wahala, wanda aka kama aka saki ma yana iya mutuwa bayan an tafi. A kakarsu kuma, wajejen Oktoba da Nuwamba, yake saka ƙwai cikin tsakuwa, duk inda aka ga tsakuwa ta yi fes a ƙarshen gurbi a kewaye ta, kada a taka. A matse ɗan haƙorin ƙugiya da filaya, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifi.

Ga mazaunin Washington ko Maryland ko Virginia da zai fi zuwa Shenandoah, ni tenkara zan ce ya saya, mai tsawon mita 3.2 zuwa 3.6. Ƙoramu irin Rapidan, inda shugaban ƙasa Herbert Hoover ya gina sansanin hutunsa a 1929 don kamun kifin nan, manyan duwatsu ne da dogayen itatuwa, rassan suna can sama a mafi yawan wurare. Wanda zai shiga ƙananan rassan ruwan Great Smoky Mountains, ko duk inda rododendiron ya yi rumfa, ya ɗauki sandar faiba mai keke, mita biyu, lamba 3.

Wanda bai san irin ruwansa ba kuwa, ya je ya gani kafin ya biya. Ya sami busasshen reshe mai tsawon mita uku da rabi, ya bi ƙoramar da yake niyyar kamu na tsawon awa guda, a kowane gurbi ya tsaya inda zai tsaya in jifa zai yi, ya ɗaga reshen tsaye a bisa kansa. In a mafi yawan gurabun ya miƙe bai taɓa ganye ba, tenkara. In yana ta karo da rassa, mai keke.